Honorabul, mun ji adalci a baki, ina yake a takarda?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in ce wani abu kan hirar da kuka buga da wani ɗan majalisarmu game da ƙudirin ware wa mata kujeru a majalisa. Da gangan na ƙi kama sunansa, don ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, kuma ba na so zancen ya koma na jam'iyya. Jikata ce ta karanta mini hirar a waya, da yake ido ya fara gajiya, na sa ta maimaita har sau biyu.

Abin da na fahimta daga bakin Honorabul shi ne, waɗannan ƙudirori baƙi ne da aka ɗauko daga ƙasashen Turawa, addini ya riga ya ba mace haƙƙinta, kuma abin da mace ke bukata adalci ne, ba daidaito da namiji ba. Ni tsohuwar ungozoma ce, na yi shekara 35 a aikin gwamnati, yanzu kuma ina zuwa Islamiyyar matan aure a unguwarmu. Ban taɓa ɗaga kwali a titi ba. Da wani zai kawo dokar da za ta taɓa rabon gado yadda ya zo a Suratun Nisa'i, da ni za a fara yi masa bore. Saboda haka kada Honorabul ya ɗauka wata 'yar boko ce daga Abuja ke masa magana. 'Yar gida ce.

Wannan zance na adalci da daidaito ba yau aka fara shi ba. A watan Maris na 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin Sanata Biodun Olujimi na bai wa mata dama daidai da maza. Da ta sake kawo shi a Disambar 2021, Sanata Aliyu Wamakko na cikin waɗanda suka tashi, ya nuna cewa in adalci ake nufi ba shi da ja, amma daidaito ya ci karo da addini. Aka jingine ƙudirin. To, mun ji, mun kuma yarda. Amma wanda ya ƙi tuwon maƙwabta ai sai ya ɗora nasa. Ina ƙudirin adalcin? Shekaru sun shuɗe, kullum aka zo maganar mata sai mu ji abin da 'yan majalisarmu ba sa so. Abin da suke so, wanda za su rubuta da hannunsu su kare shi a zauren majalisa, shi nake jira in gani.

Bari in ba shi misali daga ɗakinmu. Mijin ƙanwata ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar, huɗu mata, ƙaramin namiji. Ya bar gida da shago da fili. Tun ba ta fita takaba ba, 'yan'uwansa suka karɓe makullin shagon, wai za su juya wa marayu. Tumunin takaba da Allah ya yanka mata, kashi ɗaya cikin takwas, sai da ta yi shekaru tana zarya a kotu. Yau a ɗaga shari'a, gobe wanda ake ƙara bai zo ba, jibi fayil bai fito ba. Kuɗin keke napep kaɗai ya cinye 'yan kunnenta na zinari. Filin kuwa an sayar kafin a kai ga rabo, aka ce da kuɗin aka yi hidimar jinya. Babu Bature ko ɗaya a cikin wannan labari, Malam Edita. Musulmi ne suka danne haƙƙin Musulma, kuma duk sahun gaba suke sallah. Da Honorabul zai kawo dokar da za ta sa wa'adi a kan raba gado, ta hana sayar da dukiyar mamaci kafin rabo, ta hukunta wanda ya taɓa kayan marayu, wane malami ne zai ce ya saɓa wa shari'a? Abokan aikina 'yan Kudancin Kaduna ma suna da irin nasu kukan, inda dangin miji kan fitar da mace daga gida da sunan al'ada, don haka dokar ba Musulmi kaɗai za ta amfana ba.

Ga saki. Alƙur'ani ya ce kada a fitar da wadda aka saka daga gidanta sai ta gama idda. A garin nan mace nawa ke yin idda a ɗakinta? Takarda ake miƙa mata da dare, da safe a ga kayanta a bayan a-kori-kura. A mazhabar Malikiyya da muke bi, uwa ce ke da riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji, ci da sha da sutura suna wuyan uba. Abin da muke gani shi ne, ko dai a ƙwace yaro da zarar an yaye shi, ko a bar mata su duka ba ko ƙwayar masara. Yaran nan su ne ke yawo da farantin talla a Kasuwar Bacci da tashar Kawo har bayan isha'i. Darajar mace ɗakinta, in ji Honorabul. Haka ne. To wadda aka kora daga ɗakin fa, ina darajarta ta koma?

Akwai abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya. A ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta kayar da ƙudirori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, har mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Ɗaya daga cikin biyar ɗin cewa kawai ya yi, mace in ta yi shekara biyar da aure, a ɗauke ta 'yar asalin jihar mijinta. Ni Bakatsiniya ce aka auro zuwa Kaduna ina yarinya. Nan na haihu, nan na yi aiki, nan na binne mijina. In na je Katsina a ce ai kin zama 'yar Kaduna, a Kaduna kuma a ce kawo takardar ƙaramar hukumar ubanki. Wace aya ce wannan ƙudiri ya taka? Sai dai an haɗa shi da sauran an yi musu kuɗin goro, don kawai an ji kalmar mata a ciki.

A ɗakin haihuwa na ga abin da ba zan iya faɗa a jarida ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa dubu ɗari, kuma mu da muka yi aikin mun san yadda abin ke faruwa. Zubar jini ne da jijjiga da doguwar naƙuda. Akan kawo mace daga ƙauye ta kwana biyu tana fama, don maigida ya yi tafiya kuma babu mai ikon cewa a tafi asibiti, ko don babu mota, ko don hanyar ba ta biyuwa da dare. Wadda ta tsira da rai, sau da yawa takan ƙare da yoyon fitsari, a kai ta Zariya a yi mata aiki, mijin kuma ya aiko da takarda tun tana kan gado. Maza da yawa sun ce mini ba sa son namiji ya duba matansu, kuma ban ga laifinsu ba. Amma likita mace ba daga sama take faɗowa ba. Yarinyar da aka cire daga aji uku na sakandare ita ce da za ta zama likitar.

Ba zan yi butulci ba, jiharmu ta taɓuka. An yi dokar kare yara da ta hana cin zarafi a 2018, an ba ma'aikata mata hutun haihuwa na wata shida, a 2020 aka tsananta hukuncin masu fyaɗe, kuma tun 2019 Dakta Hadiza Balarabe ke kujerar mataimakiyar gwamna, sama ba ta faɗo ba. Sai dai doka a Lugard Hall, zauren majalisar dokokin jiha, daban, doka a ofishin 'yan sanda na unguwa daban, inda akan ce wa uwar yarinya ta je a sasanta a gida don rufin asiri.

Batun baƙon abu kuwa, Honorabul ya san tarihi ya fi ni. Shehu Usmanu ya yi wa malaman zamaninsa faɗa kan barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauyuka suna karantar da mata. Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya, ta sha ɗauri a kan a bar matan Arewa su yi zaɓe, lokacin ma cewa ake yi ba al'adarmu ba ce. Sai a 1976 muka fara jefa ƙuri'a. Yau mu ne ke cika layi tun asuba da goyo a baya, kuma da ƙuri'armu Honorabul ya tafi majalisa.

Su kujerun da ake son warewa, ni ma ina da shakka a kansu. Mata huɗu cikin sanatoci 109 abin kunya ne, amma ina tsoron in an ware kujerun matan manya da 'ya'yansu ne za su haye, irin ƙanwata kuwa ko labari ba za su ji ba. In Honorabul ya ƙi su da wannan hujja, zan saurare shi.

Roƙona gare ku, in kun sake zama da shi, ku tambaye shi ƙudiri nawa ya gabatar a kan gado, ko ciyar da 'ya'yan da aka saki uwarsu, ko ɗaukar ungozomomi a asibitocin mazaɓarsa, ya faɗi ranar da ya gabatar da inda aka kwana. Ku buga amsar yadda ya ba da ita. Jikata za ta karanta mini, ni kuma in kai wa matan Islamiyyarmu ranar Asabar.

Wassalam.

Tsohuwar ungozoma,
Tudun Wada, Kaduna.