Wasiƙa Daga Atina Zuwa Ga Aminina Magini

Atina, ƙasar Girka

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Inna. Yaya aiki, yaya fama da leburori? Ni ma lafiya lau, alhamdu lillahi, sai dai kewar gida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ranar Asabar da ta wuce na hau tudun Akrofolis, kuma tun daga ƙofar shiga har na sauko kai ne a raina. Na yi ta cewa ina ma maginin nan yana kusa, don abin da na gani sana'arku ce, kai za ka fi ni gane shi.

Dutsen da suka yi ginin da shi littattafai na kiransa marmara. Kada ranka ya kai ga jar marmarar da tifa ke zubawa a hanya. Mabul ɗin nan ne da kake shimfiɗa wa masu hali a falo, sai dai a nan ba yanka shi aka yi falle-falle kamar tayil ba. Babban ɗakin da ke kan tudun, Fartenon, da zallarsa aka tayar da shi, daga matakala zuwa ginshiƙai har abin da aka lulluɓe rufin da shi, in ka ɗauke katakon da ya riƙe rufin. An fara aikin a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin shugabansu Ferikilis, aka kammala a 432. Daga dutsen Fenteli suka fasa shi, wajen kilomita 16 daga gari, dabbobi na jan amalanke. Akwai ɗan ƙarfe a jikin wannan dutse, shi ya sa da ya daɗe yana shan iska ya koma ruwan zuma. Da la'asar in rana ta buge shi, wallahi sai ka ce daga ciki yake haske.

To ga inda nake so ka natsu. Babu siminti ko cokali ɗaya a ginin nan, babu laka. Ginshiƙai 46 ne suka kewaye shi, kowanne ya haura mita 10, kuma ba dutse guda ba ne, gunduwa-gunduwa ne aka ɗora kamar an jera turame. A tsakiyar kowace gunduwa sukan fafe rami su sa ɗan itace, ya zama shi ne saitin da na sama zai hau daidai. Bakin duwatsun kuwa sun goge shi har wani wurin sai ka ƙura ido kafin ka gane mahaɗa. A bango, inda dutse biyu suka haɗu, sai su sassaƙa gurbi, su kwantar da ƙarfe ya kama wannan ya kama wancan, sannan su narka darma su zuba ta rufe ƙarfen ruf. Darmar ce ke hana ruwa kai wa ƙarfen, kuma da yake tana da laushi, in ƙasa ta girgiza (ana yawan girgizar ƙasa a nan) sai ta ba ginin ɗan sarari.

Ka san abin da ya faru bayan shekara sama da dubu biyu? A farkon ƙarni na 20 wani injiniyansu, Nikolas Balanos, ya yi wa ginin gyara, ya sa nasa ƙarafan ba tare da irin waccan kariya ba. Ƙarfe ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsattsage dutsen daga ciki. Da na karanta wannan sai na tuna ranar da ka nuna min wani dakin da rodi ya yi tsatsa har siminti na ɓanɓarewa yana zubowa, ka ce laifin wanda bai lulluɓe rodin da kyau ba ne. Cutar guda ce. Tun 1975 suke aikin zare waɗancan ƙarafa suna sa na titaniyom, wanda ba ya tsatsa. Inda dutse ya gutsure sukan sassaƙo sabo daga Fentelin su cike gurbin, za ka gan shi fari tas a jikin tsohon, ba su ɓoye shi ba.

Daɓen ma ba a miƙe yake ba. Da gangan suka ɗaga tsakiyarsa kamar santimita 11 a dogon gefen da ya kusa mita 70, ginshiƙan kuma duk sun ɗan karkata ciki. Na tsuguna a kusurwa na bi matakalar da ido, na ga doron da kaina. Taɓawa dai ba a yarda ba, kana miƙa hannu mai gadi zai busa maka usur.

Na san za ka ce ai ɗakin gunki ne. Haka ne, don gunkiyarsu Atina aka gina shi. Daga baya ya zama coci, zamanin Turkawa kuma masallaci, har da hasumiya. A 1687 ne sojojin Benis, wani birni a Italiya ta yau, suka harba masa igwa alhali Turkawa sun ajiye albarushi a ciki, tsakiyarsa ta tarwatse. Ni dai aikin hannun ne ya tsayar da ni.

A gidan tarihin da ke gindin tudun na ga abin da ban zata ba. Ashe mutum-mutumin nan da muke gani farare a hoto, da can fenti gare su, ja da shuɗi da kore. Akwai na wata budurwa wanda har yanzu jan launi na nan a gashinta. Ruwa da rana ne suka wanke sauran.

Romawa kuwa wata hanya suka bi, na gani bara da na ratsa ta Roma. Yawanci sai su tayar da gini da jan bulo da kankare, sannan su yafa masa mabul a fuska, kusan yadda kuke yi yanzu. Farinsu daga Karara, a Italiya ta yau, suke fasowa, ruwan ɗorawa kuma daga Shimtu, cikin Tunisiya ta yau, suke ɗauko shi a jirgin ruwa. An ruwaito Kaisar Agustas yana alfahari cewa ya tarar da Roma ta bulo, ya bar ta ta marmara. Ginshiƙin sarki Turajan na shekara ta 113 bayan haihuwar Annabi Isa (AS) ya burge ni: kowace gunduwa ta kai tan 30, kuma an fafe cikinsu an fitar da matakala mai zagaye har sama. Abin da ya sosa min rai shi ne da daular ta faɗi, mutane sun riƙa ɓanɓare mabul ɗin, har da mutum-mutumi, suna ƙonawa su sami farar ƙasar gini. Shi ya sa yawancin kangwayen Roma jan bulo ne tsirara, da ramukan ƙusoshin da suka riƙe mabul ɗin a da.

Na ɗauki hotunan mahaɗun nan daga kusa, da gurbin da ƙarfen ke kwanciya, zan turo maka ta waya in ka sami intanet mai ƙarfi. Ka duba su da idon mai sana'a ka gaya min kwana nawa kake ganin mutum ɗaya zai yi yana gogar fuskar dutse guda kafin ta zauna haka, don tun ranar nake wannan lissafi. Ka nuna wa yaran da kake koya wa aiki su ma.

Ka gaida min Inna, ka ce ta ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida maiɗakinka da yara, da mutanen majalisa baki ɗaya. In Allah ya yarda ina nan tafe da babbar salla.

Wassalam,
naka amini.