A daina auna mutum da shekarun da ya mallaki gidansa na farko

Assalamu alaikum Malam Edita, ranka ya daɗe.

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana cin raina. Kwanakin baya wani ƙanena da muke aiki tare ya same ni bayan an tashi, ya zauna ya yi shiru, can sai ya ce min Yaya ni fa na cika shekara 35 kuma har yau ko bulo ɗaya ban ajiye ba, haya nake, kuma kullum in na buɗe Facebook sai in ga wani sa'ana riƙe da makulli yana godiya ga Allah ya sayi gida. Wallahi yadda ya faɗi maganar kamar wanda ya aikata laifi, alhali yaron nan ba ya almubazzaranci, yana ciyar da iyalinsa yana kula da iyayensa. Tun ranar nake ta tunanin yawan masu irin damuwarsa da ba su samu wanda za su faɗa wa ba.

Ni kaina sai da na kai 42 na mallaki gidana na farko, bayan shekara 16 ina haya, na tashi daga gida zuwa gida har sau huɗu, sau biyu a ciki ba da son raina ba, mai gida ne ya ƙara kuɗi fiye da ƙarfina. Don haka na san zafin abin, na san yadda mutum ke ji in wa'adin haya ya gabato, na san yadda ake haɗa kaya ana kallon yara suna tambayar Baba me ya sa za mu sake tashi. Ba wai ina raina mallakar gida ba ne, ko kusa. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shekaru ma'aunin ƙoƙarin mutum.

Domin in muka duba duniya, shekarun da ake mallakar gidan farko ƙaruwa suke ta yi a wurare da dama. A Amurka ƙungiyar dillalan gidaje ta ƙasar, wadda ake kira NAR, tana fitar da alƙaluma duk shekara, a 1981 matsakaicin shekarun mai sayen gidan farko 29 ne, a 2024 ya koma 38, a 2025 ya kai 40. A Ingila ma yanzu mutum kan kai wajen 33 ko 34 kafin ya saya. To shin matasan waɗannan ƙasashe duk ragwaye ne suka zama rana ɗaya? A'a, farashin gidaje ne ya tsere wa albashi, mutane suna daɗewa a karatu, suna fitowa da bashi, aure yana jinkiri, kuma hayar da suke biya ita ke cinye abin da za su tara na kafin alƙalami. Kana tarawa farashi na gudu, abin da ka tara shekara biyar sai ka je ka tarar bai kai kason da ake nema ba. Iyayenmu da suka yi gida da wuri sun yi ƙoƙari, babu mai musu, amma kasuwarsu daban tamu daban.

Sannan akwai abin da masu ɗaga makulli a hoto ba sa faɗa. Da yawan waɗanda suka saya da ƙuruciya akwai hannun iyaye a ciki, ko gado, ko an ba su wurin zama kyauta shekara da shekaru suna tarawa. Ba laifi ba ne, Allah ya ƙara musu, amma in za a ba da labari a ba da shi cikakke, kada yaron da ya taso da hannu biyu kawai ya riƙa ganin kansa a matsayin wanda ya gaza.

Bari in faɗi abin da gaggawa ta jawo min. Ina da shekara 33 surutun mutane ya dame ni, wane ya yi kai ba ka yi ba, sai na kwashi kusan duk abin da na tara na ba wani kamfani da ke sayar da gidajen da ba a gina ba tukuna, zane kawai suka nuna mana da fili an share. Ban kai takardar wurin lauya ba don ina ganin kuɗin lauya asara ne. Aiki ya tsaya a linta, waya ta daina shiga, sai da na yi shekara biyu ina zarya kafin na karɓo wani ɓangare na kuɗina, sauran har yau. Wannan kuskuren shi kaɗai ya mayar da ni baya aƙalla shekara biyar, sauri ya haifi nawa kamar yadda ake cewa. Kuma ba ƙaramin mutum irina kaɗai abin ke samu ba, a ƙasar Sin katafaren kamfanin gina gidaje na Evergrande ya kasa biyan basussukansa a 2021, mutane masu ɗimbin yawa da suka biya kuɗin gidajen da ba a gama ba suka shiga halin ni-'yasu, har a 2022 wasu masu saye a garuruwa da dama suka ce sun daina biyan bankuna sai an ƙarasa musu gini. A Amurka kuwa kowa ya san abin da ya faru a 2008, an yi ta ba mutane bashin gida wanda ya fi ƙarfinsu, da abin ya fashe miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu.

Maganar bashin nan ita ce na fi so matasa su fahimta, don nan ne ake yanka mutum bai sani ba. Mutum yana duba abin da zai biya a wata ne kawai, ba ya lissafa jimilla. In ka ci bashin shekara 30 da ruwa kashi 7 cikin ɗari, to kafin ka gama ka biya kusan ninki biyu da rabi na abin da ka karɓa, in ruwan kashi 3 ne kuma ninki ɗaya da rabi. Ka ga gida ɗaya ne amma lokacin da ka saya ya canza komai, a Amurka a 2021 ruwan ya sauka ƙasa da kashi 3, zuwa ƙarshen 2023 ya kusa kashi 8. Kuma a shekarun farko yawancin abin da kake biya ruwa ne, uwar kuɗin da ƙyar take motsi. Ga wanda ba ya son mu'amala da ruwa saboda addini akwai tsare-tsaren bankunan Musulunci, irin su murabaha inda banki zai saya ya sayar maka da riba sananniya ka riƙa biya kashi-kashi, ko musharaka inda ku biyu kuka mallaki gidan kana sayen kason bankin a hankali kana biyan hayar abin da ya rage. Su ma dai sai an karanta takarda da kyau an lissafa jimilla, sunan tsari kaɗai ba ya hana mutum ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa.

A nan ne zan yarda cewa shekaru suna da tasiri, ba zan ɓoye ba. Wanda ya fara biya yana 30 yana da sarari, wanda ya fara yana 45 dole ya yi lissafin ritaya, don ba abin da ya kai a ce fansho ne zai biya bashin gida ciwo. Ni shi ya sa na zaɓi ƙaramin gida da gajeren wa'adi, na haƙura da unguwar da nake so. Amma girma ma ya zo min da amfaninsa, a 42 na riga na san yawan iyalina, na san aikina ya zauna, na san ba zan bar garin ba nan kusa, abubuwan da a 28 ban sani ba. Wanda ya saya da wuri sai aiki ya ɗauke shi zuwa wani gari bayan shekara biyu, sau da yawa asara yake yi wajen sayarwa.

Ranar da zan sa hannu ban yi barci ba. Murna na nan amma tsoro ya fi yawa, ina ta juyi ina tunanin in aiki ya tsaya fa, in rashin lafiya ta zo fa. Kuma abin da ba wanda ya gaya min shi ne kuɗin gida ba ya ƙarewa a farashinsa, ga la'adar dillali, ga lauya, ga safiyo, ga haraji da rajistar takardu, kafin ka shiga an ƙara maka wani kaso mai kauri. Na ɗauko injiniya ya duba min ginin kafin in biya, ya gano wayoyin wuta sun lalace a ɗaki biyu, wannan dubawar ta sa aka rage min kuɗi. Duk da haka ruwan sama na farko rufi ya yi yoyo, na ɗauki waya zan kira mai gida sai na tuna ai ni ne mai gidan. Shi ya sa nake gaya wa kowa kada ya zuba duk abin da ya mallaka a saye, ya bar na gyara da na ko-ta-kwana aƙalla na wasu watanni. Amma wallahi ranar da 'yata ta tambaye ni ko za ta iya buga ƙusa a bango ta rataye allon karatunta na ce mata buga, ba mai hana ki, na ji wani sanyi a raina da ban taɓa ji ba.

Haya kuma ba abin kunya ba ce. A Jamus fiye da rabin gidaje 'yan haya ne a ciki, a Suwizalan ma sun fi haka yawa, kuma ba matalauta ba ne, doka ce ta kare ɗan haya ba a korarsa yadda aka ga dama. Inda kuma aka ga talaka ya mallaki gida da wuri za ka tarar hukuma ta sa hannu, Singafo ta kafa hukumar gidajenta HDB a 1960, daga 1968 aka ba ma'aikata damar amfani da asusun ajiyarsu na tilas wajen saye, yau kusan kashi 80 cikin ɗari na mutanen ƙasar a gidajen hukumar suke zaune kuma yawancinsu nasu ne. Wannan tsari ne ya yi aiki, ba wai matasansu sun fi na kowa zuciya ba.

Roƙona gare ku 'yan jarida, Malam Edita, ku riƙa gayyato lauyoyi da injiniyoyi da ma'aikatan banki su yi wa mutane bayani da harshen da za su gane, yadda ake tabbatar da cewa mai sayarwa shi ne mai gidan na gaskiya, yadda ake gane gidan da aka jinginar ko ake shari'a a kansa, yadda ake lissafa bashi daga farko har ƙarshe. Ku kuma riƙa tambayar hukumomi me suke yi kan tsadar filaye da kare 'yan haya.

Shi kuwa ƙanen nawa mun zauna da takarda da biro mun lissafa abin da ke shigo masa da abin da ke fita, muka ga in ya ware kaso ɗaya cikin biyar na albashinsa zai iya haɗa kafin alƙalamin ƙaramin gida nan da shekara shida, lokacin yana 41. Ya buɗe asusu na daban a satin, kuma na yi masa alkawarin duk ranar da ya ga gidan da ya kwanta masa a rai ni zan raka shi wurin lauya kafin ya ba kowa ko sisi.

Na gode da wannan dama, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku a kullum