A Daina Sa Wa Babur Odar Tirela a Cikin Gari

Assalamu alaikum Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan yayin da samarinmu suka ɗauko na cire odar da babur ya zo da ita su sa ta tirela. Ni kaina ɗan acaɓa ne, Boxer nake ja a hanyar Gumel zuwa Maigatari, kuma gaskiya odar kamfani ba ta da ƙarfi, ranar Alhamis in kasuwa ta ci ga motocin shanu ga kura ga jama'a, kana dannawa direba ko waiwayowa ba ya yi. Shi ya sa nima na canza, amma matsakaiciya na sa, kuma makanike ya haɗa min da rile da fis, wato 'yan na'urorin da ke kare makunni da wayoyin wuta, don babbar oda tana jan wuta sosai, in aka jona ta kai tsaye sai ta ƙona makunni.

To amma abin da yaran nan suke yi ya wuce neman hanya. Shekaran jiya a gabana wani ya danna wa dattijo irin wannan odar a lungu, jakinsa ya firgita ya zubar da buhun gero, tsohon nan ya daɗe a zaune yana dafe ƙirji. Wallahi raina ya ɓaci. Ga marasa lafiya, ga jarirai na barci, wasu har bayan isha'i dannawa suke.

Ina roƙon shugabannin 'yan acaɓa da masu unguwanni su kira su a zauna, a bar babbar oda sai a kan babban titi.

Naku,
Wani mai karatu daga Gumel, Jihar Jigawa