Fankshin yana nan amma SQL Server ta ce babu shi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a shafinku na fasaha, akwai abin da ya cinye min kwana biyu cur a ofis, na ce bari in faɗa wa 'yan'uwa masu aiki da SQL Server, manhajar nan ta kula da rumbun bayanai, kar su sha wahalar da na sha.

Ni ke kula da rumbun bayanan wata makaranta, sai na rubuta fankshin, wato ɗan guntun umarni da ake ajiyewa a riƙa kira, wanda in ka ba shi lambar aji zai dawo maka da sakamakon ɗalibai a tebur. Ina kiransa sai ga saƙon kuskure mai lamba 4121 ja wur, wai ba a ga fankshin ɗin ba, alhali ga shi nan ina kallonsa da idona! Na goge na sake rubutawa, na kashe saba na kunna, har na fara zargin yaron da ke koyon aiki a wajena ko shi ya taɓa wani abu, Allah ya yafe min, ashe laifina ne. Na saka shi ne bayan SELECT kamar fankshin mai dawo da amsa ɗaya tak, shi kuwa mai dawo da tebur wurinsa bayan FROM ne, kamar kowane tebur. Saƙon ne wallahi ke ruɗa mutum, sai ya ce maka babu, maimakon ya ce ba nan ne muhallinsa ba.

Na gyara wannan ke nan na so in haɗa shi da teburin azuzuwa don kowane aji ya fito da nasa, na yi JOIN na miƙa masa lambar aji daga wancan teburin, sai ga wani kuskuren mai lamba 4104. JOIN ba ya yarda da wannan, sai CROSS APPLY, kuma tun SQL Server 2005 yake nan ni ban taɓa waiwayarsa ba. Amma a kula, ajin da ba a shigar masa da maki ba ɓacewa zai yi shiru ba wani gargaɗi, in kana son ganinsa OUTER APPLY za ka sa.

Ita lambar kuskure 313 mai sauƙi ce, abin da ka miƙa wa fankshin ne bai cika ba. Ko ka ajiye masa ƙimar da zai ɗauka in ba a ba shi wata ba tun wajen rubutawa, dole ka rubuta kalmar DEFAULT a gurbin, ba a tsallakewa.

Na ƙarshe malamin jarrabawa ne ya kira ni, a wajena fankshin yana aiki a wajensa kuskure 229, ba shi da izini. Na je zan ba shi izinin EXECUTE abin ya ƙi karɓa, ashe izinin SELECT ake bayarwa tunda dai tebur ne.

Edita, da za ku riƙa ɗauko lamba ɗaya duk mako kuna bayaninta da Hausa da kun taimaki ɗalibanmu na poli. Ku fara da 4121 ɗin nan.

Naku,
Mai karatu daga Zariya