Kalmar "peddle" ba daga fedar keke ta fito ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna so mu ja hankalin masu fassara labarai a gidanku kan kalmar Turanci "peddle", wato yawon sayar da kaya. Ana yawan cewa daga fedar keke ta samo asali, wai don mai sana'ar da ƙafa yake yawo. Furucinta dai ɗaya ne da "pedal", amma rubutunsu daban, asalinsu ma daban.

Sunan mai sana'ar ne ya fara zuwa. Tun ƙarni na 14 Turawan Ingila ke cewa "pedlar", wato ɗan koli, mai bin gari gari da ƙananan kaya. Masana sun fi danganta shi da "ped", kwandon da ake zuba haja, kalmar da ta daɗe a bakin mutanen gabashin Ingila. Sai a ƙarni na 16 aka gutsure ƙarshen sunan, aka samu aikatau "peddle". Haka ma "hawk" ta talla ta fito daga "hawker", kuma ba ruwanta da shaho. Amurkawa kan rubuta "peddler" a maimakon "pedlar".

Dokar Birtaniya ta 1871 ta fayyace ma'anar: "pedlar" shi ne mai tafiya da ƙafa, ba doki ba jaki, yana kai kaya gida gida. Har yau 'yan sanda ne ke ba shi takardar izini ta shekara guda, kuma sai ya kai shekara 17. Dokar 1888 kuwa ta kira mai ɗora kaya a kan dabba "hawker".

Inda masu fassara ke tuntuɓe shi ne sanya "talla" ko'ina. A jaridun yau kalmar ta fi zuwa da zargi. In an haɗa ta da ƙwaya, dillancin ƙwaya ake nufi. In da jita-jita ce ko ƙarya, sai a ce yaɗawa ko bazawa. "Tallar ƙarya" na iya sa mai sauraro ya zaci tallar jabun kaya ce. "Influence peddling" ta fi kowacce wuya: amfani da muƙami ko kusanci da manya a nema wa wani kwangila ko aiki don a samu lada. Nan "sayar da alfarma" ta fi dacewa. A duba abin da ya biyo bayan kalmar kafin a zaɓi Hausarta.

Wassalam,
Wasu malaman Turanci, Zariya