Godiya ga Alhaji mai shagon fotokofi na unguwar Ali Dan Sofo

Assalamu alaikum Baba Alhaji, kai da yaran shago. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya kasuwa, ya fama da zafin Maradi?

Na rubuto ne da yawun 'yan ajinmu, ɗalibai masu koyon aikin malanta da muka yi darasin farko na ilimin halayyar ɗan Adam a bana. Sakamako ya fito, mun haye, kuma ba mu so mu watse ba tare da jama'a sun ji irin ɗawainiyar da ka yi da mu ba.

Takardun darasin nan da Faransanci suke, ga kauri, tun daga masani Wilhelm Wundt da ɗakin gwajin da ya buɗe a Leipzig ta ƙasar Jamus a 1879 har zuwa karnukan da masanin Rasha Pavlov ya yi gwaji da su. A wasu wuraren sai ɗalibi ya biya kuɗin kundin baki ɗaya. Kai kuwa ka yanka mana shi babi-babi, kowanne da lambarsa. Mai dala ashirin ya ɗauki na dala ashirin, wanda aljihunsa ya bushe a rubuta shi a kayye har kuɗi su zo daga gida, kuma ba mu taɓa jin ka kira sunan mai bashi a gaban mutane ba.

Da muka iso babin hadda da mantuwa sai muka yi ta dariya. Hermann Ebbinghaus, Bajamushen da ya yi gwaji a kan kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana, ya wallafa a 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko bayan karatu, daga nan ta lafa, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi zama a kai bisa wadda aka ɗura dare ɗaya. Mu da ƙarancin kuɗi ya sa muke sayen babi ɗaya mu yi ta juya shi har mako ya zagayo, ashe shawararsa muke bi. Masu hali da suka sayi kundin a dunƙule, da yawansu sai gab da jarrabawa suka buɗe shi. (Malaman allo dai sun riga Bajamushen sanin amfanin tilawa.)

Yaronka mai kula da inji ma ya cancanci yabo. Akwai zanen Müller-Lyer, layuka biyu masu tsawo ɗaya, amma bakin kibiyar da ke ƙarshensu ke sa ido ya rantse ɗaya ya fi tsawo. In tawada ta cuɗe wajen kibiyoyin, darasin ya tashi a banza. Shi kan ɗaga takarda ya duba, in bai gamsu ba ya sake bugawa bai ƙara ko dala ba. Haka ya yi da hoton ƙwaƙwalwa.

Ranar da ba za mu manta ba ita ce ta Piaget, masanin tunanin yara. Mutumin Suwizalan ɗin ya ce yaron da bai kai kimanin shekara 7 ba, in ka juye ruwa daga kofi mai faɗi zuwa dogo siriri a gaban idonsa, zai ce ruwan ya ƙaru. Muna ta gardama a bencinka, sai ka aika aka kawo kofunan shayi da wata doguwar kwalba, ka kira jikokinka biyu. Ƙaramar ta nuna kwalba ba ko shakka, yayanta ya fashe da dariya. Ka yi shiru, sannan ka ce, "Ashe ba taurin kai ba ne, lokaci ne bai yi ba." Masu binciken da suka zo bayan Piaget sun nuna wasu yaran kan gane da wuri in an sauya yadda ake tambayar, amma mu da za mu tsaya gaban 'yan aji ɗaya, maganarka ta sa kowa zai yi tunani kafin ya ɗaga bulala.

Ƙannenmu na tafe bayan hutun damina, mun riga mun yi musu kwatancen shago. Muna roƙon a ci gaba da tsarin babi-babin nan. Allah ya saka da alheri, ya buɗa kasuwa, ya raya jikoki.

Wassalam,
'Yarka, a madadin 'yan ajinmu
Maradi