Tiyatar fatar ido a Koriya ta Kudu ba abin sha'awa ba ne

Ya Edita,

Ina roƙon fili in yi magana kan tiyatar da ake yi wa fatar ido domin sauya siffarsa, wadda ta yi ƙamari a Koriya ta Kudu, musamman a unguwar Gangnam da ke birnin Seoul, inda asibitocin gyaran fuska suka yi yawa.

Mutane da dama a gabashin Asiya ana haihuwarsu ne ba tare da ninki a fatar ido ta sama ba, sai likita ya ƙirƙiro ninkin ta hanyar yanka ko ɗinki domin idon ya ƙara buɗewa. Wani likitan Japan mai suna Mikamo ne ya fara bayanin aikin a 1896, amma ya bazu a Koriya bayan yaƙin da aka tsagaita a 1953, lokacin da likitan sojan Amurka Ralph Millard ya riƙa yinsa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kai 'yan mata masu lafiyayyen ido gaban wuƙa, wasu ma a matsayin tukuicin kammala sakandare, alhali aikin na iya barin tabo, ko bushewar ido, ko kuma ido ya kasa rufuwa sosai lokacin barci. Wanda fatar idonsa ta sauko har ta tare masa gani, wannan magani yake nema, kuma ba da shi nake ba.

Tun da 'ya'yanmu na kallon finafinan Koriya a waya, ina roƙon jaridarku ta gayyato likitan ido ya yi musu bayanin haɗarin wannan aiki.

Naku,
Mai karatu daga Kano